Sakin Layin da Na Cire

Shekara goma sha ɗaya na yi ina editan Magpie, shafin labaran wasannin bidiyo, mu shida a ɗaki ɗaya a saman wani shagon gyaran keke a unguwar Collingwood ta birnin Melbourne. Sunan tsuntsun nan muka ɗauka, mai sauko wa mutane a ka idan watan Satumba ya kama, don duniya ta san ba ma tsoron kowa. Har hotonsa muka buga a riguna. Ina da uku a gida, da su nake goge gilashin mota yanzu.

Ni na ɗauki Imogen Vella aiki. Daga unguwar Sunshine ta zo, daga wani kantin sayar da wasanni inda aka kusa korarta saboda tana gaya wa masu saye abin da bai cancanci kuɗinsu ba. Ranar da ta fara na kafa mata doka biyu, ina hura hanci kamar ni na ƙirƙiro aikin jarida. Na ce kada ta ba wasa maki sai ta kai ƙarshensa ta ga sunayen waɗanda suka yi shi suna hawa a allo. Na ce kuma abin da ke hannunta za ta yi sharhi a kai, alkawarin kamfani ba ruwanta da shi. Ta riƙe maganar nan fiye da yadda ni na riƙe ta. Cikin shekara shida ta zama ita ce Magpie a wurin masu karatu. Idan Imogen ta ce a saya, sai a saya, ba a tambayar kowa kuma. Kowace Litinin tana zuwa da kwalin pastizzi, 'yan curin fulawar nan masu cuku a ciki da kakarta ke gasawa, ta dire a tebur ta ce, "Nanna ta ce ku ci, wai duk kun rame kamar ba a biyanku."

Yadda aikinmu yake, kamfani zai aiko da wasa mako biyu kafin ya shiga kasuwa, tare da takunkumi, wato ba za ka wallafa komai ba sai rana kaza ƙarfe kaza. Za a haɗo da wata takarda da suke kira jagorar mai sharhi. A shafinta na ƙarshe ake jera matsalolin da kamfanin ya san suna cikin wasan, a ce za a gyara su ranar da ya fito, don haka ana roƙon mai sharhi ya kau da kai. Faci ake ce wa gyaran, kamar na taya. Al'adarmu a Magpie, duk jagorar da ta iso, ni zan miƙe tsaye in karanta shafin ƙarshen nan da muryar mai tallan sabulu, ana ta sheƙa dariya, sannan a jefa ta kwandon shara.

A ƙarshen Oktoban bara kamfanin Norvane ya aiko mana da Hollow Coast, babban wasansu na shekara, inda mutum ke tuƙa ƙaramin jirgin ruwa yana bin garuruwan da teku ta cinye. Imogen ta ɗauka. Mako guda ta cika mana kunne da daɗinsa. Sai ranar wata Talata ta shigo fuska a murtuke. Ta kai awa ashirin a ciki, ta iso wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wasan ya sandare, da ta sake kunnawa ta tarar ajiyarta, wato inda wasan ke adana ci gaban da ta yi, ta goge ƙarƙaf, an mai da ita farko kamar ba ta taɓa bugawa ba. Da wani ne, da ya yi zagi ya bar shi nan. Ita sai ta ari na'urar Tevita, mai haɗa mana bidiyo, ta sake farowa, ta kwafe ajiyarta gefe kafin hasumiyar, ta shiga. Ya sake gogewa. Da ƙyar ta gano wata hanyar zagaye ta kai ƙarshe.

Ranar Juma'a da rana ta miƙa sharhin, jakar zango rataye a kafaɗarta. Talata mai zuwa hutun tseren dawaki ne, kuma kowa a Melbourne yana haɗe Litinin ɗin ya ɓace.

"Shida," ta ce.

"Shida cikin goma? Ke da kika hana mu sakat da wasan nan?"

"Wasa ne mai kyau, Gus. Da ba don hasumiyar nan ba, takwas zan ba shi ido rufe. Amma abin da zai cinye wa mutum awa ashirin ya bar shi da baki buɗe, shidan ma alfarma na yi masa."

"Kin sanar da su?"

"Tun Talata. Wai faci zai gyara."

"Kullum faci."

"Kai ka koya mini, tsoho." Ta gyara jakarta. "Na tafi dajin Wilsons Prom, inda za mu sauka ba sabis. Ko ginin nan ne ya kama da wuta kada ka neme ni sai Laraba."

Ba ta kai ƙasan matakala ba wayata ta yi ƙara. Bronte Ashcroft ce, mai hulɗa da 'yan jarida ta Norvane, daga Sydney. Shekara takwas na san Bronte, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Sai da ta tambayi matata da ciwon gwiwata kafin ta zo kan magana.

"Gus, ka san ni, ba zan taɓa gaya maka abin da za ka rubuta ba."

"Na sani. Shi ya sa kika kira."

Ta yi dariya. "Saƙon Imogen na gani. Matsalar hasumiyar nan an gama da ita. Da idona na ga facin."

"To aiko mana mu gwada."

"Haba, ka san yadda abin yake, sai ranar Talata zai sauka. Ni dai abin da nake gudu, ku tsorata mutane a kan abin da babu wanda zai gamu da shi. Mutum ɗari uku suka yi shekara huɗu a kan wasan nan."

Na ce mata za mu duba, na ajiye waya ina jin kaina namiji. Ina ɗaga kai na ga Warrick Hale tsaye da kofi biyu a hannu. Warrick ne mai shafin, shi ke nemo talla. Idan ya sayo maka kofi daga shagon ƙasa ba ka roƙa ba, to ka shirya.

"Mutumina, ka san ban taɓa sa baki a aikinka ba," ya ce.

Duk ranar da ya faɗi haka, ya riga ya sa. Ya tuna mini abin da na sani, cewa daga Litinin shafinmu zai sa rigar tallar Hollow Coast tun daga sama har ƙasa, gefe da gefe, mako biyu cur. Ya ce Norvane na da wasanni huɗu baɗi. Ya ce shafuka biyu irin namu aka rufe a Sydney bana, ya nuna kujerun ɗakin da haɓa, bai ƙara komai a kai ba. Wannan duk na saba ji, da a nan ya tsaya da na shanye kofinsa na manta. Sai ya zauna a gefen teburina ya sassauta murya.

"Tsaya ka ji, ni ba ƙarya nake so ka yi ba. Ranar da mutum zai sayi wasan nan, matsalar tana nan?"

"Sun ce babu."

"To in ka bar maganar a ciki, wa ya yi wa mai karatu ƙarya? Ka faɗa masa abin da ba shi ne zai tarar ba."

Ya tashi ya tafi abinsa. Ina so a fahimci wannan sosai, domin na daɗe ina ba kaina labarin ta wata fuska. Warrick bai umarce ni ba, Bronte ba ta yi mini barazana ba. Da ma sun yi, da na samu wanda zan jingina wa. Hujja kawai aka ajiye mini a kan tebur, ni na ɗauka na tafi da ita gida, na yi kwana biyu ina shafa ta har ta yi sheƙi.

Ranar Lahadi na kira Imogen sau ɗaya. Na san ba zai shiga ba. Na kira ne don in samu bakin cewa na kira.

Litinin ƙarfe tara saura ashirin ina ofis ni kaɗai, takunkumin zai ɗage ƙarfe tara daidai. Na buɗe sharhin. Sakin layi na tara ne. Har yau ina iya karanta shi da ka. Ta rubuta cewa sau biyu wasan ya goge mata komai a hasumiya, a na'ura biyu daban, cewa kamfanin ya yi alkawarin gyara amma ita ba ta ga gyaran ba, kuma duk wanda lokacinsa ke da daraja a wurinsa ya dakata mako guda ya ji daga waɗanda suka riga shi. Na shafe shi. Na mai da shida takwas, ina ce wa kaina ai da bakinta ta faɗa. Da na cire sai wurin ya yi gurgu, don haka na ƙara jimla guda a ƙarshe, na kwaikwayi salonta, wanda na sani kamar tafin hannuna tunda ni na yi shekara shida ina tace shi. Na rubuta cewa wannan teku ce da ba za ka so ka fito daga cikinta ba. Sunanta kuwa na bar shi a sama yadda yake. Na ari bakinta na ci mata albasa, sannan na sauka ƙasa na sayi burodi da ƙwai na ci, har na ji daɗinsa.

Kafin la'asar Norvane sun ɗauki jimlar nan tawa sun liƙa a tallarsu. A allon tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, da ke titin Smith na gan ta da manyan haruffa, a ƙasa an rubuta Imogen Vella, Magpie, takwas cikin goma.

Laraba da safe na ji takunta a matakala. Ba ta biya gida ba, takalmanta duk yashi. Ta tsaya a kaina, ta ajiye wayarta a kan madannan kwamfutata da sharhin a buɗe.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Zauna mu yi magana."

"Ba zan zauna ba. 'Teku ce da ba za ka so ka fito ba.' Ni zan rubuta wannan shirmen? Ina sakin layina?"

"Na kira ki ranar Lahadi."

"Ka kira ni a inda na ce maka ba sabis."

Tevita ya sa abin jin sauti a kunne, ya kafa wa allonsa ido. Na soma zuba mata hujjar Warrick kamar tawa ce, har da muryarsa. Ta bar ni na kai aya.

"Ka gwada facin?"

"Jiya ya sauka."

"Tambayarka na yi, ka gwada?"

Na mai da idona kan allo.

"Mayar da shi yanzu, Gus. Ko ka cire sunana ka sa naka."

"In muka taɓa shi yanzu, mu muka jawo ido. Ki ba ni zuwa Juma'a. In facin ya yi aiki, babu wanda ya cutu."

Ta daɗe tana kallona. Ban taɓa ganin mutum ya dube ni haka ba, kamar tana neman wani a bayana. Ta ɗauki wayarta ta koma kujerarta.

Ba a kai Juma'ar ba. Daga yammacin ranar waɗanda suka yi hutu suna bugawa suka fara isa hasumiya, kuma facin bai gyara komai ba. Alhamis da safe intanet ta ɗauka. Wasu shafuka biyu, ɗaya a Adelaide ɗaya a Kanada, sun yi gargaɗi a sharhinsu, mutane suka ɗora su a kai. Mu kuwa wani ya ɗauki hoton shafinmu, tallar Hollow Coast ta kewaye shi ta ko'ina, a tsakiya ga takwas, ga sunan Imogen da 'yar fuskarta a gefe. Hoton nan ya zaga ko'ina. Ba wanda ya san sunan edita, ba wanda ke karanta wannan. Ita aka yi wa ca. Aka ce an saye ta, aka ce ba ta ma buga wasan ba, aka tono tsofaffin sharhinta ana tambayar nawa aka biya ta a kowanne. Wasu abubuwan da aka aiko mata ba zan maimaita su ba.

Zagin bai karya ta ba. Wasiƙar wani direban babbar mota daga Dubbo ce ta sa ta shiga banɗaki ta daɗe. Mutumin bai yi zagi ba ko kaɗan. Ya ce shekara biyar ba ya sayen wasa sai ya ga abin da ta ce, domin kwana huɗu kacal yake yi a gida a wata, ba shi da lokacin ɓatawa. Ya ce yana so ya sani kawai, ta ga matsalar ta yi shiru ne, ko ba ta kai wurin ba.

Ta fito ta tura mini wasiƙar, ta ce mu sauka. Muka tsaya a lungun bayan shagon keke, wurin kwandunan shara.

"Asalin rubutuna yana nan a wurina, da rana da lokaci," ta ce. "In na saka shi, rabi za su ce ina wanke kaina ne, sauran kuma su cinye shafin, Tevita da Mei da sauran 'yan ofis su rasa aiki a kan abin da ba su ji ba ba su gani ba. In kai ka faɗa, laifin mutum ɗaya ne da ya amsa. Ba zan tona ka ba, Gus. Da bakinka za ka faɗa."

"Zan faɗa."

"Yau."

"Yau ɗin nan."

Na hau sama na rubuta. Na farkon da na rubuta gaskiya ne tsantsa, da sunana a ciki sau uku. Na karanta, na ga shekara goma sha ɗaya na tsayawa a taruka ina koya wa yara ɗa'ar aiki, na ga fuskokin waɗanda na taɓa yi wa ba'a a rubuce saboda abin da bai kai wannan ba. Sai na fara ragewa. Warrick ya leƙo ya rage nasa. Abin da ya fita a ƙarshe layi uku ne, cewa an samu kuskure wajen tace sharhin, an mayar da wani sashe da ya faɗi, an kuma gyara maki zuwa shida. Babu sunan kowa.

Ashe gara ma da ban saka ba. Mutane suka ce ga shi nan, an kama ta, ta koma ta cusa sakin layi ta rage maki. Gargaɗin da ta yi awa talatin da wani abu tana tabbatarwa, shi ya zama shaidar munafuncinta. Ta karanta sanarwar a kujerarta, taku huɗu daga tawa. Ba ta juyo ba.

Ta zauna har Kirsimeti. Tana yin aikinta, tana gaishe ni, amma ta daina ce mini tsoho. Duk sharhin da ta saka, a ƙasa sai an tambaye ta nawa ne wannan karon. Ba ta daina kawo pastizzi ranar Litinin ba, domin kakarta ba ta san komai ba. Kwalin yana kan tebur, kowa na ɗauka, ni ina zagaye shi in je wurin na'urar kofi ta ɗaya gefen. A watan Janairu ta ajiye aiki. Muka yi mata kati, na rubuta a ciki cewa ƙofa a buɗe take kullum. Kunyar wannan jimlar ma kaɗai ta ishe ni.

A watan Maris Hamish Treloar ya kira ni. Shi ke riƙe da shafin al'adu na wata babbar jarida a nan garin, tare muka fara aiki tun ana buga mujallun wasanni a takarda. Hamish mutumin kirki ne, sai dai abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin yamma duk masu sana'ar nan daga Perth zuwa Auckland sun ji.

"Gus, tsohon ɓarawo, kana raye?"

"Ina nan ina jiran ka mutu in gaji kujerarka."

"Za ka daɗe. Ka ga, muna neman mai sharhin wasanni na dindindin, irin aikin da ba ya fitowa sai shekara goma. Imogen Vella ce a gaba, ba ma kusa. Amma na sama suna ta kawo mini maganar Hollow Coast. Na tambaye ta, ta ce ba za ta ce komai ba, in tambaye ka, kai za ka yi mini bayani. Sunanka kaɗai ta ba ni."

Bayan duk abin da na yi, ni ta sa. Ta sake miƙo mini dama a hannu, wannan karon ba a gaban duniya ba, a kunnen mutum ɗaya. Ina tsaye a bakin taga, ina kallon wani yana hura tayar keke a ƙasa.

"Marubuciya ce ta gaske," na ce. "Ban taɓa aiki da kamarta ba."

"Wannan na sani, ina da ido. Takwas ɗin nake tambaya."

"Ka san yadda makon fitowar wasa yake. Gaggawa, hutu ya shigo, kowa da nasa kason."

"Gus. Ita ta ba da takwas ko ba ita ba?"

"Da bakinta ta ce mini wasan takwas ne."

"To. Na gane. Na gode, mutumina."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a abin da na faɗa, na kuma san sarai abin da na yi. Bayan mako biyu aka sanar da wanda ya samu aikin, wani ne daga Brisbane. Imogen ba ta kira ni ba. Na yi ta jiran ta kira ta wanke ni tas, in samu sauƙi, ba ta ba ni wannan ba. Na ji an ce ta nemi wasu wurare biyu, daga nan labarinta ya ɗauke.

Satumba ya zo, tsuntsayen nan suka fara sauko wa masu keke a ka. Wata Litinin Norvane suka aiko da sabon wasansu, na farko cikin huɗun da Warrick ya yi ta lissafi. Tevita ya buga jagorar a takarda, ya miƙo mini shafin ƙarshe.

"Oga, tashi ka yi mana abin nan. An daɗe ba a yi ba."

Ban so ba, amma ƙin yi zai sa a tambayi dalili. Na miƙe, na gyara murya irin ta mai tallan sabulu, na fara. Matsala ta ɗaya, ta biyu, ana dariya. A ta huɗu na tsaya cak. Jagorar kamfani ba ta zuwa haka. Wannan an faɗi kowace matsala a fili, inda take, sau nawa ta faru, a wace na'ura, jimloli gajeru ba kwana-kwana. Na san wannan hannun. Idona ya sauka ƙasan takardar, inda ake sa wanda za a tuntuɓa. Imogen Vella, sashen hulɗa da 'yan jarida, Norvane, Sydney.

"Ci gaba mana," in ji Mei. "Ka tsaya a wuri mai daɗi."

Na ajiye takardar na sauka lungun nan na kwandunan shara. Sai a lokacin na gane. A duk masu sana'ar nan, in ka cire mu na ɗakin sama, mutum ɗaya ce ta san tabbas Imogen ta ga matsalar hasumiya ta kuma kai ƙara, wato Bronte, wadda saƙon ya je hannunta. Ita ce ta ɗauke ta aiki. Na kira lambar da ke takardar.

"Norvane, Imogen ke magana."

"Ni ne."

"Gus! Ka samu wasan? Lambar saukewa ta yi aiki?" Muryarta wasai, irin ta Bronte sak.

"Imogen, saurara. Zan rubuta. Duka, da sunana, yadda na cire sakin layin, da abin da na gaya wa Hamish. Yau zan saka."

Ina jin hayaniyar ofis a bayanta, wani yana dariya. Da ta sake magana muryar ta dawo tata ta da.

"Me ka gaya wa Hamish?"

Na faɗa mata, kalma da kalma. Na ji ta ja numfashi.

"Na yi zaton shiru ka yi," ta ce. "To. Don Allah kada ka rubuta komai."

"Haƙƙinki ne."

"A watan Nuwamba nake buƙatarsa. A Maris ma da ya yi mini amfani. Yanzu in ka saka, labarin zai zama Norvane sun matsa wa shafi ya ɓoye matsala, ni kuma a Norvane nake cin abinci. Wata biyar na yi ba aiki, Gus, na koma ɗakin baya a gidan Nanna. Kada ka raba ni da wannan ma don kai ka samu barci."

Na jingina da bango, waya manne a kunnena.

"Kana ji na?"

"Ina ji."

"Yawwa." Muryar aiki ta dawo. "Takunkumi ƙarfe tara ne ranar Litinin ta sama. Abubuwan da ke shafin ƙarshe faci zai gyara su, muna roƙo a kau da kai. Ba sai na yi maka bayani ba, ka fi ni sanin yadda ake yi."

Ta ajiye waya. Na hau sama, na tarar Tevita ya ɗauki takardar yana ƙarasa karantawa da muryata, bai kai ƙasa ba tukuna, suna ta dariya.